Hasashen igiyar teku a gaɓar Lome da Kwatano ya shafe mu a Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan halin da teku za ta shiga a gaɓar Lome da Kwatano da Legas daga watan Yuni zuwa Satumba. Na san wasu masu karatu za su ce me ya haɗa Badamagare da teku, alhali babban ruwan da yaranmu suka sani bai wuce tafkin Gidimuni ba. Mai wannan tambaya ya je tasha ya ƙirga samarin da ke hawa mota zuwa kudu: masu fiton kaya, direbobin manyan motoci da yaransu, dillalan motoci, ɗalibai da ƴan ci-rani. Tun da hanyar Gaya zuwa Kwatano ta samu cikas a shekarar 2023, kayan ƙasarmu da yawa suka koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Lome, yaranmu kuma suka bi kayan. Saurayin da ya kwana goma yana jiran takardun kwastan ba shi da wurin zuwa ranar Lahadi sai bakin teku, inda zai ɗauki hoto ya aiko gida.

Na yi shekara 11 ina aikin fiton kaya tsakanin Kwatano da Lome kafin in dawo gida, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya samu ɗan ƙanena bara a watan Agusta. Yaro ne da ya iya iyo irin namu na tafki. Ya shiga ruwa a gaɓar Lome, ruwan bai wuce ƙugunsa ba, kafin abokansa su ankara ya yi nisan da ba su jin muryarsa, kuma da Allah bai kawo wasu masunta da kwalekwale ba da yanzu wani labari ake yi. Da ya dawo na zaunar da shi, abin da yake ta nanatawa shi ne ranar garau take, babu hadari, babu iska, ruwan ma a inda ya shiga kwance yake. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma kowanne daga cikinsu, ga wanda ya san teku, dalili ne na tsayawa a tudu.

Igiyar teku iri biyu ce. Akwai wadda iskar wurin ke tayarwa, gajeruwa mai hargitsi, wadda ke lafawa da zarar iskar ta lafa. Wannan ƴar gida ce, kowa yana ganin abin da ya tayar da ita. Akwai kuma baƙuwa, wadda guguwa ke haifarwa can kudancin tekun Atlantika, tsakanin Afirka ta Kudu da Amurka ta Kudu, fiye da kilomita 5,000 daga gaɓar Togo da Benin. Lokacin da muke damina, su can kudancin duniya lokacin sanyinsu ne, a lokacin ne kuma guguwarsu ta fi ƙarfi. Igiyar da guguwar ta tayar takan baro wurin ta yi ta tafiya arewa kwana 5 ko 6 ba abin da ya tare ta, ta daidaita kanta a hanya ta jeru layi-layi, sannan ta iso gaɓa a ranar da sama take fes. Shi ya sa duba sama ba ya gaya wa mutum komai game da ita. Gaɓar Lome da ta Kwatano kudu suke fuskanta, don haka a ƙirji suke karɓarta, kuma daga Yuni zuwa Satumba tsayinta yakan kasance tsakanin mita 1 da mita 2, wani lokaci ya zarce. Abin takaici shi ne a watan Agusta ruwan sama yakan tsagaita a waccan gaɓa, ga hutun makarantu, sai mutane su cika bakin teku daidai lokacin da igiyar take kan ganiyarta.

Wani saurayi daga cikin masu hawan igiya da allo ne ya fara nuna mini yadda ake karanta hasashen a wayarsa, a manhajoji irin su Windy da Windguru, kuma na yi mamakin ganin lambar da ya fi damuwa da ita ba tsayin igiyar ba ce. Tazara yake dubawa, wato sakan nawa ne tsakanin wucewar igiya ɗaya da ta bayanta. Igiya mai tazarar sakan 7 tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa a ruwa mai zurfi kusan mita 76 ne, mai tazarar sakan 14 kuwa ta haura mita 300, tana kuma motsa ruwan har can ƙasa. Saboda haka igiyoyi biyu za su iya zama da tsayi ɗaya a rubuce, a ce mita 1 da rabi, amma ta farko ta watsa wa mutum ruwa a fuska kawai, ta biyu kuma ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, domin idan ta iso ruwa marar zurfi sai ta rage gudu, ta tattara duk ƙarfinta ta miƙe tsaye ta zube gaba ɗaya. A tuna cewa ruwan da zai cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska nauyinsa tan 1 ne, buhun gero mai kilo 100 har guda 10. Sannan tsayin da ake rubutawa a hasashe ba na igiya mafi girma ba ne, matsakaicin manyan ne, kuma jefi-jefi akan samu wadda ta kusa ninka shi. Manyan kan zo ne a jere, uku ko biyar, bayan ɗan shiru mai yaudara. Masuntan gaɓar sun san haka tun kakanninsu. Za ka gan su riƙe da kwalekwale a bakin ruwa suna ƙirgawa, ba su tura shi sai jerin ya wuce. Baƙo kuwa, ko da ido makaho ne, cikin wannan shirun yake juya wa teku baya don a ɗauke shi hoto.

Ƙasar gaɓar ma tana da nata laifin. Rairayi ne mai gangara sosai, taku biyu ko uku ruwa ya tashi daga gwiwa zuwa wuya, igiyar kuma a kan busasshen rairayin take fashewa. Wannan ba sabon abu ba ne. Saboda wannan igiyar Turawa suka kasa kawo jiragensu gaɓa sai da suka gina doguwar gadar ƙarfe ta shiga cikin teku, ta Kwatano a ƙarshen ƙarni na 19, ta Lome kuma Jamusawa suka buɗe ta a 1904, igiyar ta karya ta a 1911. Sai a 1965 Kwatano ta samu tashar jiragen ruwa mai katangar duwatsu, Lome kuma a 1968. Ruwan da ya karya gadar ƙarfe shi ne yaranmu ke shiga da wandon jins.

Yanzu ga abin da ya kusa cin ɗan ƙanena, wanda nake so a fi kula da shi. A ƙarƙashin ruwa, ɗan nesa kaɗan da gaɓa, akwai tuddan rairayi da igiya ke fashewa a kansu. Duk ruwan da ta tura gaɓa dole ya koma, sai ya nemi gurbi tsakanin tudu da tudu ya bi ya fita, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya bi ƙorama. Wannan ƙorama ce a cikin teku, ba ta da faɗi sosai, sau da yawa ba ta kai mita 25 ba, amma gudunta kan kai mita 2 da rabi a sakan ɗaya, abin da ko gwanin iyo na duniya ba ya iya tsere wa. Da yake gurbin ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a cikinsa, sai wurin ya yi duhu ya kwanta lumui tsakanin farin kumfa na dama da na hagu. Mu kuma a tafki muka koyi ruwa, inda wuri mai kwanciya shi ne wurin aminci. Don haka ɗanmu zai tsaya ya duba gaɓar da kyau, ya yi amfani da hankalinsa, ya zaɓi wurin da ya fi kowane haɗari. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya taɓa gaya masa. Gwargwadon girman baƙuwar igiya da tsawon tazararta, gwargwadon ƙarfin ƙoramar, kuma tuddan rairayin suna sauya wuri bayan kowace babbar igiya, ta yadda inda aka yi wanka lafiya makon jiya ba hujja ba ce a yau.

Ƙoramar ba ta jan mutum ƙasa, waje take kai shi, kuma ƙarfinta yana mutuwa bayan tuddan. Abin da ke kisa shi ne firgita da ƙoƙarin komowa gaɓa kai tsaye har ƙarfi ya ƙare. Wanda ta ɗauka ya kwanta rigingine ya bar ta ta kai shi, ya ɗaga hannu a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo gefe, gabas ko yamma, har ya fita daga cikinta. Na gaɓa kuma kada ya afka don ceton ɗan'uwansa, abin da ke mayar da gawa ɗaya biyu; ya jefa masa jarka rufaffiya marar komai, ya kira masunta.

Iska ita ce lamba ta uku a hasashen, kuma a nan mun fi kusa da teku fiye da yadda muke zato, domin iskar kudu maso yamma da ke kawo mana hadarin damina daga kan wannan tekun take tasowa. A watannin nan ita ke kaɗawa daga teku zuwa tudu, takan lafa da safe, ta ƙarfafa bayan azahar idan ƙasa ta ɗau zafi, ta yamutsa fuskar ruwan ta ɗora ƴar gida a kan baƙuwa. Masu hawan allo safiya suke so, lokacin da iskar ta kwanta ko take busowa daga tudu, don a lokacin igiyar ke tsayawa sumul ta naɗe kamar tabarma. Kyawun da suke gani ke nan, amma ga wanda bai iya ba igiyar a lokacin ta fi dukan mutum, kuma iskar tudu tana tura duk abin da ke yawo a kan ruwa zuwa waje, har da mutumin da ya dogara da tayar mota. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskarmu mai ƙura ce ke sauka har gaɓar, teku kuma ta fi lafawa, wanda ya san ta a lokacin ne kawai bai san ta ba. Ɗalibanmu na Dakar su lura cewa nasu lissafin ya sha bamban: gaɓar Yoff arewa take kallo, babbar igiyarta daga arewacin Atlantika take zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma hukumar kula da yanayi ta Senegal, ANACIM, tana fitar da gargaɗi idan ta taso.

Sauran cika da janyewar teku, wannan kuwa mai sauƙi ne ga Musulmi, tunda da wata take tafiya. Sau biyu a yini teku ke cika ta janye, kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, kuma ta fi cika ta fi janyewa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ƙoramar ta fi gudu idan ruwa yana janyewa.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne jaridarka ta ware ɗan gurbi kowane mako daga Yuni zuwa Satumba, kusa da inda ake buga hasashen ruwan sama, a sa tsayin igiya da tazararta, da inda iska za ta buso, da lokutan cika da janyewa na Lome da Kwatano da Legas, cikin Hausa, da layi ɗaya mai cewa ranar ta tsayawa a tudu ce. Ba sabon aiki ba ne, domin ana iya ganin baƙuwar igiya tafe kwanaki kafin ta iso, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen teku, manhajojin da na ambata kuma kyauta ne. A ra'ayina, idan tsayin ya kai mita 1 da rabi kuma tazarar ta kai sakan 12, wanda ya koyi iyo a tafki bai kamata ruwa ya taɓa gwiwarsa ba. Masu hawan allo suna karanta waɗannan lambobi da murna, mu kuma mu karanta su da tsoro, babu abin kunya a ciki. Zai yi kyau a fara kafin 25 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 don yaƙi da nutsewa a ruwa, kuma gidajen rediyon garin nan su ɗauka su karanta, don iyaye mata su ji su faɗa wa ƴaƴansu ta waya, tunda maganar uwa ta fi tawa shiga kunnen saurayi. Idan rashin mai fassara ne zai hana, ni zan riƙa haɗa lambobin in aiko muku kowace Alhamis ba tare da an biya ni ba. Ɗan ƙanena zai koma Lome da motar ubangidansa a farkon wata mai kamawa, shi na riga na zaunar da shi na koya masa, amma motar ba shi kaɗai za ta ɗauka ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
tsohon ma'aikacin fiton kaya,
Unguwar Birni, Damagaram