Sanarwar Zaman Tattaunawa Kan Riƙon Sana'a da Tattalin Jari

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Muna sanar da ku cewa za mu yi zaman tattaunawa a cikin wannan rukuni ranar Asabar mai zuwa, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, kan yadda matashi zai riƙe ƙaramar sana'a har ta tsaya da ƙafafunta. Abin da ya jawo zaman shi ne, matasanmu da yawa suna fara sana'a da ƙwazo, amma jarin yakan narke cikin ƴan watanni saboda ba sa raba uwar kuɗi da riba, kuma ba sa rubuta bashin da suka bayar. Mutum zai yini yana ciniki, aljihu cike, sai ranar saro kaya ta zo ya tarar kuɗin ba su kai ba, kuma wannan abu yana damun mu ƙwarai.

Kafin ranar Juma'a, kowa ya turo sunan sana'arsa ko wadda yake son koyo, tare da babbar matsalar da ta tsaya masa. Waɗanda suka daɗe a kan sana'arsu, muna roƙon su shirya saƙon murya da bai wuce minti 3 ba, su bayyana yadda suke lissafin riba. Wanda kuma zai iya ɗaukar mai koyo, ya sanar da shugabannin rukuni kai tsaye. A lokacin zaman, don Allah a dakatar da tura tallace-tallace.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya haɗa mu da alheri.

Naku, a madadin shugabannin rukuni.