Wasiƙar ƙorafi ga wata makarantar koyon kiɗa a Kaduna kan yadda take rajistar yara

Zuwa ga Shugaban Makaranta da hukumar gudanarwa,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa iyayen yaran da ke karatu a makarantarku ne, kuma a cikinmu akwai masu koyar da kiɗa a firamare da sakandare, da masu horar da ƙungiyoyin mawaƙa. Mun fitar da ita fili ne saboda an kusa buɗe rajistar sabon zango, kuma iyayen da ke shirin kawo 'ya'yansu sun cancanci su san abin da za su tarar. Mun sakaya sunan makarantar domin gyara muke nema, gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Tushen ƙorafinmu shi ne kuna karɓar kuɗi kafin ku ga yaro. Fom ɗinku yana tambayar suna, shekaru, lambar waya da kayan kiɗan da ake so, sai gurbi biyu da za a zaɓi ɗaya: darasin yaro shi kaɗai, ko ajin haɗaka. A ƙasa sai lambar asusun banki da umarnin a turo shaidar biya ta WhatsApp. Babu malamin da ke zama da yaron kafin a sa shi a aji. Mai teburin karɓar baƙi ne ke duba inda akwai gurbi ya rubuta suna. Tela ma ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga.

Awon da muke nufi ba ya cin fiye da minti 15 zuwa 20. Malami ya tafa wani gajeren kari, yaro ya maimaita. Ya taɓa sauti ɗaya a fiyano, yaro ya rera shi da baki, a ji ko kunnensa yana kamawa. A duba ko ya san haruffan A zuwa G, tunda da su ake kiran sautuka a littattafan da kuke amfani da su, kuma ko yana ƙirga ɗaya zuwa huɗu ba tare da gaggawa ba. A ɗora yatsunsa biyar a kan maɓallai biyar da ke jere a ga girman hannunsa. A lura da tsawon lokacin da yake iya zama wuri ɗaya. Sannan a juya ga uwa ko uba: akwai abin kiɗa a gida? Wa zai zauna da shi minti 10 zuwa 15 kullum ya yi bita? Amsar waɗannan ce ke nuna ko yaro na ajin haɗaka ne ko na darasin shi kaɗai, da kuma irin kayan da ya dace ya fara da shi. Yawancin iyaye ba su san wannan ba, kuma ba laifinsu ba ne. Saboda rashin sanin ne suka zo wurinku.

Ba ma raina ajin haɗaka. Ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 6, aji na waƙa da tafi da taka rawa a kan kari ya fi masa amfani a kan a zaunar da shi gaban fiyano shi kaɗai. A kan haka aka gina tsarin Kodály na ƙasar Hungary, inda murya ke riga kayan kiɗa. Haɗaka tana da sauƙin kuɗi, tana koya wa yaro sauraron na kusa da shi da jiran lokacinsa. Amma tana da sharuɗɗa. Ajin kibod na masu farawa bai kamata ya wuce yara 4 zuwa 6 ba, kowa da nasa kibod da abin sauraro a kunne, kuma tazarar shekarunsu kada ta wuce biyu.

Ajinku na ranar Asabar yara 10 ne a kan kibod 4, na minti 45. A cire minti 10 na shigowa da zama da neman littafi, saura 35. Kibod 4 a minti 35 sun ba da minti 140, a raba wa yara 10, kowane yaro ya sami minti 14 da hannunsa a kan maɓalli. Sauran lokacin kallo yake yi. A ajin nan akwai 'yar shekara 5 da ba ta gama sanin haruffa ba, akwai ɗan shekara 13 da ke iya kama darasin mako uku a zama ɗaya. Malami ko ya bi ƙaramar babban ya gundura, ko ya bi babban ƙaramar ta koma gida tana cewa ba ta iya ba. Abin da ya fi ɓata ajin shi ne ba kwa rufe rajista. Ana shigo da sabon yaro a mako na 6 ko na 7, sai malami ya koma neman inda sautin C yake, alhali sauran sun fara haɗa hannu biyu.

Darasin yaro shi kaɗai kuma, ana sayar da shi awa guda ga kowa, babba da ƙarami. Yaron da bai kai shekara 8 ba minti 30 ya ishe shi. Bayan haka hankalinsa ya tafi, yatsu sun gaji, abin da ake yi a sauran rabin awan lallashi ne. Minti 45 na wanda ya yi nisa kaɗan ne, awa guda kuwa ta mai shirin jarrabawar manyan matakai ce. Iyaye suna biyan kuɗin awa suna ganin sun yi wa yaro gata, alhali rabi kawai yake amfana da shi.

Kuma amfanin wannan darasi duka yana ga malami ɗaya da ya san yaron: ya san wuyan hannunsa na faɗuwa, ya san yana sauri idan ya zo wurin da ya iya. Ku kuwa kuna sauya malami ba sanarwa, ba littafin da ake rubuta abin da aka yi da abin da za a bita a gida. Sabon malami sai ya fara tambayar yaro inda aka tsaya. Ƙaramin littafin rubutu ɗaya da yaro zai riƙa zuwa da shi, malami ya rubuta layi uku, iyaye su sa hannu, ya isa ya magance wannan.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurinmu. Ɗakunan darasin mutum ɗaya ƙofofinsu na katako ne rufe ruf, ba gilashi, kuma ana hana iyaye shiga wai kada su raba hankalin yaro. Ba mu zargin kowane malami da komai. Amma babba da yaro ƙarami a rufaffen ɗaki tsari ne da bai kamata a same shi a makaranta ba, kuma gilashi a ƙofa kariya ce ga malamin kamar yadda take ga yaron. Zaman iyaye a darasi ma ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. A tsarin Suzuki na Japan, uwa ko uba na zaune a kowane darasi suna rubuta abin da aka ce, domin su ne masu kula da bita a gida.

Sai batun kayan kiɗa, inda rashin awo ke taɓa jikin yaro kai tsaye. Bayolin, wato gogen Turawa, girma-girma gare shi: 1/8, 1/4, 1/2, 3/4 da cikakke. Ana miƙar da hannun hagu na yaro a auna daga wuya zuwa tsakiyar tafi. Kimanin santimita 47 zuwa 51 na 1/4 ne, 51 zuwa 56 na 1/2, cikakke kuwa sai hannu ya kai wajen 60. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora masa a kafaɗa: idan tafinsa ya rufe kan bayolin ɗin kuma gwiwar hannu tana ɗan lanƙwashe, ya yi daidai. Shagonku 3/4 da cikakke kawai yake sayarwa, ana ce wa iyaye yaro zai girma ya tarar da shi. Kafin ya girman, ya saba ɗaga kafaɗa da murɗe wuyan hannu, yatsunsa ba sa kai wa inda sauti yake, kullum yana kuka da ciwon wuya. Gyara wannan ɗabi'a ya fi koyar da sabon yaro wuya. Haka jita: ƙaramin yaro mai tsirkiyar roba ta 1/2 ko 3/4 ake ba shi, domin tsirkiyar ƙarfe tana yanka kan yatsu har ya ƙi taɓa ta. Ƙaho irin na 'yan badujala kuma ana jira sai yaro ya gama famfara, haƙoran gaba sun fito sun zauna, wajen shekara 7 zuwa 8, saboda a kansu bakin ƙahon ke dogara.

A fom kun rubuta darasin fiyano, a aji kuwa kibod ne mai maɓallai 61 marasa nauyi. Fiyano maɓallai 88 gare shi, kuma kowanne yana da nauyin da yatsa ke turawa, da shi ake koyon fitar da sauti mai ƙarfi da mai taushi. Ana iya farawa da ƙaramin kibod na shekara guda ko makamancin haka, ba laifi, amma a faɗa wa iyaye gaskiya tun farko. Fiyanon katako ɗaya da kuke da shi kuma sautinsa ya sauka. Ana son a saita irinsa aƙalla sau biyu a shekara, kuma a garinmu lokacin a bayyane yake: bayan damina ta zauna, da bayan hunturu ya kama. Katako yana son danshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin 100, a hunturu kuwa yakan faɗi ƙasa da 20. Shi ya sa turakun da ake ɗaure tsirkiyar bayolin da su ke sulluɓewa, jikinsa ya tsage. Yaron da ke horar da kunnensa a kan fiyanon da bai saitu ba, sauti karkatacce yake haddacewa. Ɗakin ganguna ma falanki ne kawai tsakaninsa da ajin bayolin, ga shi ƙarar ganguna tana wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kuma ba a ba yaran da ke ciki abin toshe kunne.

Jadawali ana fitar da shi ne bayan an biya. Yaran garin nan suna tashi daga boko da ƙarfe 2 ko 3, da yawa suna Islamiyya daga 4 zuwa 6, wasu suna hadda safiyar Asabar da Lahadi, wasu suna coci ranar Lahadi. Ga Juma'a, ga watan azumi. Fom ɗinku bai tambayi ko ɗaya ba. Idan lokacin da aka ba yaro ya ci karo da waɗannan, amsar ita ce ba a mayar da kuɗi. Idan yaro ya yi fashi ko da na rashin lafiya ne, darasin ya tafi. Idan malami ne bai zo ba, ko aka ɗauke wuta janareta ba mai, shi ma ya tafi, ba ramuwa. An biya darasi 12 a zango, ana samun 9 ko 10. Abin da aka saba a sana'ar nan shi ne, wanda ya sanar awa 24 kafin lokaci a rama masa, wanda makaranta ta soke kuwa dole ta rama ko ta mayar da kuɗinsa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba wanda ya biya kuɗin hidima tun kafin a yi ta damar janyewa, a cire abin da ya dace kawai. Rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan fom bai shafe wannan ba. Rasit ma sai an roƙa.

Game da jarrabawa, tallarku ta ce kuna shirya yara wa ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, mai matakai 1 zuwa 8. Jarrabawarta ta gaban mai gwaji maki 150 ce, ana ci da 100. Kiɗa uku da aka shirya suna ɗauke da 90, hawa da saukar sautuka 21, karanta rubutun kiɗan da yaro bai taɓa gani ba 21, gwajin kunne 18. A azuzuwanku haddar kiɗan nan uku kawai ake yi, yaro na kallon hannun malami yana kwaikwayo. Ko ya cinye makinsu kaf, 90 ne, bai kai ba. Ba a kuma gaya wa iyaye cewa kafin mataki na 6 sai yaro ya ci mataki na 5 na ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, ga shi ba ku da ajin ƙa'idoji ko ɗaya. Jerin kiɗan fiyano ana sabunta shi duk shekara biyu, amma takardun da ake raba wa yara kwafi ne na tsofaffin littattafai, ba a ma san na wace shekara ba ne.

A takardar tallar akwai goge, kalangu da gurmi. Iyaye da dama saboda su suka zo, don 'ya'yansu su san kiɗan gida. Bayan biya sai a ce malamin bai samu ba tukuna, a tura yaro kibod. Makaɗan nan suna nan a Kaduna da Zariya. Ko a ɗauko su a biya su yadda ya kamata, ko a cire sunayen daga talla.

Hotuna da bidiyon yara kuma ana sa su a Facebook da Instagram na makarantar ba tare da an tambayi kowa ba, alhali dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ake amfani da bayanan yaro. Layi ɗaya a fom, na yarda ko ban yarda ba, shi ke nan.

Abin da muke roƙo kafin a buɗe rajista shi ne a juya tsarin: a ga yaro, a faɗa wa iyaye aji da malami da rana da lokaci da yawan darussa a rubuce, sannan a karɓi kuɗi a ba da rasit. A ƙayyade yawan yara a ajin haɗaka gwargwadon kayan da ke ƙasa, a rufe shiga bayan mako na 2. A sa gilashi a ƙofofi, a bar iyaye su zauna. Darussan wannan zango da makaranta ta soke, a lissafa su daga rajistar halarta a rama ko a mayar da kuɗinsu. Muna neman ku kira taron iyaye da malamai cikin mako biyu, kuma masu sana'ar a cikinmu a shirye suke su taimaka wajen tsara fom da gwajin shiga ba tare da an biya su ba. Idan ba mu ji daga gare ku ba, za mu kai batun kuɗin darussan da ba a yi ba gaban FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya.

Mun gode. Allah ya taimaka.

Naku,
Wasu daga cikin iyayen yaran makarantar