Godiya ga ma'aikatan ofishin baƙi na Ƙal'ar Shobak, Jodan

Assalamu alaikum. Na ce sai na fito fili na gode wa ma'aikatan ofishin karɓar baƙi na Shobak, musamman wani dattijo mai jan hirami, don wallahi abin da ya yi wa mahaifina har yanzu yana raina.

Baba ya zo duba ni a Amman inda nake karatu, shi kuma mutum ne mai son tarihin Salahuddin Ayyubi, tun muna yara yake ba mu labarinsa. Kafin nan na kai shi wani wurin da ba zan kama suna ba, tun daga ƙofa aka yanyame mu, wannan ya ce kuɗin jagora, wancan ya ce kuɗin hoto, wanda muka biya ɗin ma minti goma bai cika ba ya tsere wajen Turawa ya bar tsoho tsaye a rana. Baba bai ce komai ba amma na ga ransa ya ɓaci. Shi ya sa da muka nufi Shobak gabana faɗuwa yake.

Muna isa dattijon nan ya ga Baba na dogara sanda, ga kufan can a ƙolin tsauni. Ya jawo kujera ya ce ya Hajji zauna tukuna, ya kawo shayi mai zafi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, sannan ya samo motar da ta hau da mu har bakin ƙofa. Kuma ya biyo mu da kansa, yana magana a hankali ina fassara wa Baba.

Ya ce sarkin 'yan Salibiyya Baldwin na 1 ne ya gina wannan ƙal'a, wato gidan tsaro na yaƙi, a 1115, suna ce mata Montreal, don su tare hanyar fatake da alhazai tsakanin Sham da Masar da Hijaz. Daga baya ta koma hannun Raynald, wani shugaban 'yan Salibiyya, wanda ya saka jirage a Bahar Maliya yana barazana ga Makka da Madina. Bayan yaƙin Hittin a 1187 rundunar Salahuddin ta yi mata ƙawanya, ba ta faɗi ba sai 1189. Baba ya ce to ina suka samu ruwa duk tsawon nan? Sai ya kai mu bakin wani rami mai duhu, matakala ce aka sassaƙa cikin dutse, taki wajen 375 har ƙasa wurin idon ruwa. Baba ya leƙa ya riƙe baki. A jikin hasumiya kuma ya nuna mana rubutun Larabci na zamanin sarakunan Mamluk na Masar, Baba ya sa tabarau yana bin harafin ɗaya bayan ɗaya, mutumin nan ko gajiya bai nuna ba.

Na miƙa masa ɗan abin goro ya dafa ƙirji ya ce a'a, ku baƙinmu ne.

Abin da ya tsaya min a rai, a hanyar dawowa Baba sai zancen badalar Kano yake, yadda ake ta yankar ta ana gini ana zuba shara, yaro ya tambaye ka wa ya fara gina ta babu ko allo a wajen balle mai bayani, in ma ka samu mai gadi to sai ka ga abin da ka gani.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa dattijon nan lafiya. Baba ya ce in gaishe shi da kyau.