Wasiƙa daga Bo-Kaap

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Hoton gidajen nan masu kala-kala da ka dame ni a kansa, unguwar Bo-Kaap ce a Cape Town, tana manne a jikin tudun Signal Hill, wasu titunan duwatsu aka jera, kana hawa kana haki amma in ka waiwaya ga gari shimfiɗe a ƙasa ga dutsen Table Mountain tsaye a gefe, sai ka manta da gajiyar.

Baƙi fenti suke zuwa ɗauka, kore, ruwan hoda, shuɗi, su yi hoto a ƙofar mutane su wuce. Ni kam tarihin ne ya kama ni. Unguwar Musulmi ce fa, da yawansu jikokin bayi ne da Turawan Holan suka kwaso daga Indunusiya, Indiya da gabashin Afirka. A titin Dorp akwai masallacin Auwal, na farko a duk Afirka ta Kudu, tun 1794. Limaminsa na farko Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore na Indunusiya, an ɗaure shi a tsibirin Robben, inda aka zo aka tsare Mandela daga baya, kuma bawan Allahn nan ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka. Kwafi ɗaya na Alƙur'anin na nan a masallacin har yau. Kabarinsa na can sama a maƙabartar Tana Baru.

Lokacin wariyar launin fata an rushe unguwar District Six da ke nan Cape Town an kwashe mutanenta, amma Bo-Kaap ta tsira. Yanzu kuɗi ne ke korar 'yan Bo-Kaap, masu hali na saye gidajen, haraji na tashi, tsoho ya gaji gida tun kakanni amma riƙe shi ya gagara. Abin na ci min rai gaskiya. A 2019 dai gwamnati ta sa wurare 19 na unguwar cikin kayan tarihin ƙasa.

Af, sha biyun rana daidai ana harba igwa daga saman tudun, baƙo sai ya zabura, 'yan unguwa ko a jikinsu. Ran Lahadi da safe kuma koesister ake ci, soyayyen fulawa mai kirfa da citta an tsoma a ruwan suga an barbaɗa kwakwa, da zafinsa.

Ka nemi biza kawai ka taho, masauki na wuyana. A gaida Hajiya da kyau, a shafa min kan yara.

Naka har kullum.