A shata burtali da hanyar ruwa a Daura tun kafin jirgin ƙasa ya iso

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan gonakin da ke kewaye da garin Daura, waɗanda ake yankawa fuloti-fuloti ana sayarwa ba tare da kowa ya zauna ya tsara inda gari zai dosa ba.

Duk wanda ya bi hanyar Kongolam ko ta Zango ko ta Katsina a 'yan shekarun nan ya ga yadda gini ke bin titi. Ba abin mamaki ba ne. An kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, an aza harsashin jami'ar sufuri a 2019, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Mashi da Katsina har Jibiya. Alheri ne, muna godiya ga Allah. Malamai da ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa duk suna neman wurin zama, kuma ba wanda zai ce kada a yi gini.

Damuwata ita ce yadda ake yin sa. Dillali zai sayi gona, ya zo da igiya da turaku, ya yanka ta hamsin-hamsin, ya bar ɗan lungun da mota ɗaya ba za ta juya a cikinsa ba, domin kowane taku kuɗi ne a wurinsa. Maƙwabcinsa ma ya yanka tasa yadda ya ga dama, sai layin wannan ya je ya ci karo da katangar wancan. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu maƙabarta, babu magudanar ruwa. Wannan shi ne awon igiya, kuma sai an tare an haifi yara sannan ake fara kai koke wai gwamnati ta kawo titi da kwalbati a wurin da ba a bar mata ko ƙafa goma ba.

Su kuwa gonakin bakin gari, su ne mafiya kyau da muke da su. Ƙasar Daura jigawa ce, rairayi ne, ba ta ba da gero da wake da gyaɗa sai an ciyar da ita. Kakanninmu sun yi shekaru suna kai mata taki a mangala, suna barin shanun Fulani su kwana a cikinta bayan girbi, suna kiyaye gawo saboda ganyensa da ke zuba da damina ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani. Ranar da aka kafa turakun fuloti, gawon ake fara sarewa. Manomin da ya sayar yakan koma can nesa ya sayi fako ko ya yi aro, in kuɗin sun kai ke nan, in ba su tafi a biki da babur ba.

Ban ga laifin manomin ba. Gona ɗaya magada goma, kowa ya sami ɗan yankin da ba zai cika rumbu ba, dole ya saurari dillali. Akwai kuma tsoro. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, kuma idan aka karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, wato amfanin gona da itatuwa da gini, ban da ita ƙasar kanta. To mutumin da ya ji raɗe-raɗin cewa wani aiki zai biyo ta gonarsa, yaya za a yi ba zai yi sauri ya sayar ba? Rashin sanin inda ayyuka za su bi shi ke ingiza mutane, kuma wanda ya riga kowa jin labari shi ke cin riba.

Dokar nan kuwa ba ta bar ƙananan hukumomi hannu rabbana ba. Ƙasar da gwamna bai ayyana a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke kula da ita. Tana da ikon ba da izinin mallaka na gargajiya har hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba sai ta nemi yardar gwamna ba, kuma doka ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon filaye. Ina kira ga shugabannin Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure su raya waɗannan kwamitoci, su sa hakimai da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo a ciki, domin su ne suka san iyakar kowace gona da inda kowane burtali ya bi.

Maganar burtali ita ta fi tayar mini da hankali. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe filayen kiwo, amma burtalin da ke kai dabbobi can da mashaya ana ta cin sa kaɗan-kaɗan, wannan ya ƙara kunya biyu, wancan ya ja katanga. Garken da aka toshe wa hanya ba zai tashi sama ba, cikin shuka zai faɗa. Mun ga abin da rikicin manomi da makiyayi ya zama a yammacin jiharmu da kudancinta. Allah ya ba yankin Daura sauƙin wannan masifa, kuma ba na son mu saye ta da hannunmu saboda kuɗin fuloti.

Haka hanyar ruwa. Kwarin da ya bushe ƙayau da rani har ka ga kamar fili ne, shi ne zai cika ya tumbatsa a watan Agusta. A Yulin 2018 ambaliya ta hallaka fiye da mutum 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. Ya kamata a hana gini a fadama da bakin kwari, hani na gaske, ko mai filin wane ne.

Roƙona ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da majalisar masarautar Daura shi ne a turo safiyo su zagaya tare da dattawan kowace gunduma, a auna burtali da makiyaya da mashaya da hanyoyin ruwa, a kafa musu turakun siminti, a nuna inda tashar jirgi da manyan tituna za su zauna da gonakin da za a bar wa noma. A buga taswirar da Hausa a manna ta a sakatariya da ƙofar gidan kowane hakimi, yadda talaka zai gani da idonsa kafin dillali ya zo masa. Kada mai unguwa ya sa hannu a takardar cinikin gonar da za a yanka sai an nuna masa hanya mai faɗi da filin makaranta a cikin awon. A yi wannan aiki da rani, lokacin da gonaki ke fili, domin da zarar an yi shuka ba mai yarda a taka masa gona da sunan awo.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani manomi daga Daura, Jihar Katsina