Amsa Ga Malam Liman Kan Tuban Mai Ciwon Ajali A Wasanmu

Allah ya gafarta Malam,

Ranar Asabar da ƙungiyarmu ta gama wasan kwaikwayo a filin firamare, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: don me azzalumin wasanmu, kamar na finafinan Kano, ba ya tuba sai ciwon ajali ya kwantar da shi? Ba jinkirin tuba muke koya wa yara ba? A lokacin bakina ya mutu. Ga amsata.

Tsoronka yana kan hanya. Aya ta 18 a Suratun Nisa'i ta rufe ƙofa ga wanda ya yi ta saɓo har mutuwa ta halarto masa sannan ya ce yanzu na tuba. Amma kai ka karantar da mu hadisin Tirmizi, cewa Allah yana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai gargara ba. Daga ranar da likita ya ce a koma gida a yi ta addu'a zuwa gargara, wani yakan yi watanni, hankalinsa garau. Waɗannan watannin nake son nunawa.

Ka san yadda ciwon ƙoda ya addabi ƙasar Haɗeja. Baffana ya sha zuwa Kano wankin ƙoda har kuɗi suka ƙare, muka dawo da shi gida. Ni ke juya shi a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna yatsa sai gurbin ya zauna. Wata safiya ya ce a ɗora shi a amalanke a kai shi gona. Ya sa na tumɓuke gambar iyaka na mayar da ita baya kunya huɗu. Ashe shekara 20 yana noma haƙƙin marayun maƙwabcinsa. Ko hawaye bai yi ba. Ya dai sa aka kira babbansu, aka buɗe rumbu aka ƙirga masa dammunan gero, sannan ya nemi yafiya. Daren nan ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

A nan ne muka gaza, Malam, kuma abin ya dame ni. Azzalumin wasanmu kuka ya yi, ya yi kalmar shahada, kowa ya yafe, matar da ya ci wa gado ta tashi hannu rabbana. Yaron da ya kalli wannan zai ɗauka hawaye na biyan bashi.

Na sake rubuta fitowar ƙarshe, yanzu sai azzalumin ya mayar wa matar da gonar gadonta da hannunsa. Bayan girbi za mu fara gwaji, ina roƙon ka zo ka duba mana.

Ɗalibinka,
mai rubuta wa ƙungiya wasa