Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakatare: Kududdufi, Rijiyoyinmu Da Kuɗin Wata

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tsarin ƙungiya ya ɗora wa sakatare rubuta rahoto duk ƙarshen shekara, to ga shi. Na san ya makara. Sai dai wanda ya fi kowa tsare ni a bakin masallaci yana tambayar ina rahoto, littafin Ma'aji ya nuna rabonsa da biyan kuɗin wata tun kafin azumi. Ban kama suna ba, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Taron wata-wata mun yi shi kamar yadda aka saba, ban da na Agusta da ruwan sama ya hana. Gayyar yasar kwata ma an yi, kuma fuskokin da suka fito bara su ne suka fito bana.

Abin da ya ci mana shekara shi ne kududdufin bayan makaranta. Kowa ya san yadda aka fara. Tifa ce ke zuwa cikin dare ta juye kaya ta wuce, da safe a tarar da tarin askin fata mai shuɗi-shuɗi da wata laka mai warin da ke hana cin abinci. Mu da muke zaune kusa da rukunin masana'antun Challawa ba baƙin wari ba ne, shi ya sa da yawa suka ɗauka abin bai wuce na hanci ba. Wasu ma murna suka yi, wai ana cike mana rami kyauta, yara sun huta da faɗawa, sauro ya ragu, in ya cika a yanka fuloti. Ni kaina, in faɗi gaskiya, ban ga aibun wannan magana ba sai ranar taron da zan ba da labarinsa.

Asabar ɗin bayan ƙaramar Sallah muka yi taron wayar da kai a filin makaranta, kuma tunda aka kafa ƙungiyar nan ban ga taro irinsa ba. Kujerun da muka hayo suka kasa, aka koma ɗauko benci daga azuzuwa, iyayenmu mata suka zo da tabarminsu. Mai unguwa ya zo, Liman ya buɗe da addu'a, dagaci ya turo wakili. 'Yan garuwa ma sun ajiye kura sun tsaya, kuma su ne suka fi kowa tambaya, don su suka san rijiyar da ruwanta ya canza ɗanɗano da wadda bai canza ba.

Malamin jami'ar da ya amsa gayyatarmu, masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, bai karɓi ko kuɗin mai ba, Allah ya saka masa da alheri. Bai fara da Turanci ba. Gorunan roba biyu ya sa aka yanke wa gindi aka kifa. Ɗaya aka cika da yashi da jar ƙasa daga bakin kududdufin, ɗaya kuma da yumɓun da aka samo wajen masu ginin tukwane, aka daddanne shi sosai. Sai ya karɓi zoɓo hannun wata yarinya mai talla ya tsiyaya a kowanne. Kafin ya rufe baki, na yashin ya fara ɗiga ja a faranti. Na yumɓun kuwa har aka tashi taro zoɓon na zaune a sama. Wata gwaggonmu da ke gaba ta tafa hannu ta yi salati, ta ce ashe abin da ake juyewa da dare shi muke jawowa da guga da safe. Filin ya yi tsit.

Daga nan ya shiga bayani. Ruwan rijiyarmu ba wani kogi ba ne da ke gudu a ƙasa. Ruwan sama ne da ya nutse ya zauna cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin dutsen da ke ƙarƙashin wannan yanki na Kano, kuma a wurare da yawa ba shi da zurfi. Ƙasar da ke samansa ita ce rigarsa. Shi kuma kududdufi, asalinsa wurin da aka kwashe wannan riga ne aka yi gini da ita. Ruwan da muke gani kwance a cikinsa har bayan damina, sau da yawa shi ne dai ruwan rijiyar ya leƙo fili. Don haka wanda ya zuba dagwalon masana'anta a kududdufi bai binne shi ba, jiƙa shi ya yi. Wurin da ido ke gani ya fi dacewa da juji, shi ne wurin da ya fi kowane muni.

Ya ce inda aka ɗauki abin da muhimmanci, kafin a yi maganar yadda za a gina ramin binne sharar masana'antu, sai an gama maganar inda za a gina shi. A Tarayyar Turai, dokar 1999 ta ce ramin shara mai guba sai ya zauna a kan ƙasa mai riƙe ruwa wadda kaurinta ya kai mita 5, irin ƙasar da ruwa ba ya ratsa ta fiye da kamar santimita 3 a shekara. Na shara marar guba, mita 1. In ƙasar wurin ba ta kai haka ba, a ƙara mata yumɓun da aka danne wanda ba zai gaza rabin mita ba, kuma ya ba da kariya daidai da waccan. A Amurka, dokar 2015 kan tokar kwal ta tashoshin samar da wutar lantarki ta ce gindin ramin ya ɗara saman ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.52. A can kuma ba a barin a kafa rami a kwarin da ambaliya ke kaiwa sai an tabbatar ruwa ba zai kwashi sharar ba, kuma bayan an rufe rami ana ci gaba da duba shi shekara 30. A kan yumɓun ana shimfiɗa leda mai kauri, a kan ledar a jera bututun da ke kwashe baƙin ruwan da ke tsattsafowa daga shara a kai shi wurin tacewa. Sannan a haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke tahowa, wasu ta inda yake gangarawa, a riƙa ɗiba ana gwadawa, don in leda ta ɓule a sani kafin abin ya iso rijiyar mutane.

Wani abu da ya nanata, kuma na roƙi kowa ya riƙe: ba a auna zurfin ruwan ƙasa da bazara. A watan Afrilu kowane rami busasshe ne, kowa zai rantse ruwa na nesa. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake aunawa, lokacin da rijiya ke cika har a iya ɗiba da gajeriyar igiya. Duk wanda ya kawo takardar da aka yi awonta da rani ya ce wuri ya dace, a tambaye shi na damina.

Kan askin fatar, ya ce shuɗin nan kiromiyom ne, sinadarin da masana'antun jima na zamani ke amfani da shi, ba bagaruwa irin ta majemanmu na gargajiya ba. Nau'in da ake jima da shi yana da ɗan dama-dama, amma in aka banka wa tarin wuta, kamar yadda yaranmu ke yi, yana iya rikiɗewa ya koma nau'in da ya fi guba, wanda kuma ya fi saurin bin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kiromiyom a ruwan sha miligiram 0.05 a lita, dalma kuwa 0.01. Wannan ɗan adadi ba ya canza launin ruwa. Tafasawa ba ta fitar da shi, tacewa da ƙyalle ma haka.

Da wani ɗan uwa ya miƙe ya ce ai wannan duk dokar Turawa ce, mu nan ba mu da doka, malam ya tuna mana da Koko. A 1988 aka gano dubban gangunan shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a filin wani mutum a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, ana biyansa hayar dala 100 a wata. Sai da gwamnati ta tilasta aka kwashe. A shekarar aka yi Doka ta 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai cutarwa ba bisa izini ba. A 1992 aka yi dokar tantance illar aiki ga muhalli, wadda ta sa ramin binne shara mai guba cikin ayyukan da dole a yi musu bincike a ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu kafin a fara. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin tsafta da shara, a 2011 na kare ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa. Doka kam akwai. Da aka zo kan hayar dala 100, na ga wasu sun sunkuyar da kai, don kowa ya san ba a banza direban tifa ke samun wanda zai nuna masa hanya da tsakar dare ba.

Albarkar wannan taro ce ta sa dattawa suka zauna da masu filin, Liman ya yi huɗuba a kai, matasa suka raba kwanan tsaro. Tun farkon damina tifa ba ta sake juyewa a nan ba. Wannan nasarar ku ce, musamman kwamitin mata da suka yi girkin baƙi daga aljihunsu, da yaran da suka kwana a bakin rami sauro na cin su.

Yanzu ga abin da ba a yi ba, tunda na san shi ake jira.

Gwajin ruwan rijiyoyi bai yiwu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci. Kwamiti bai yi barci ba. Mun je ɗakin gwaji, mun karɓo farashi, mun karanta shi a taro, aka yi kabbara, aka amince da karo-karo. Gwajin ƙarfe a ruwa ba irin na maleriya ba ne, kowace rijiya kuɗinta daban, kowane sinadari kuɗinsa daban, kuma sai an yi sau biyu, rani da damina, kafin sakamakon ya yi amfani. Abin da ya shigo hannun Ma'aji bai kai na zagaye ɗaya ba. Wasu sun ce a gwada rijiya ɗaya kawai mu gani. Mun ƙi, don in ta fito lafiya kowa zai koma ya kwanta, in ta fito da matsala kuma a ce ta gidan wane ce kaɗai. Kuɗin na nan a asusu, ba a taɓa ko kwabo ba, mai son ganin rasit ya zo. Kafin a yi gwajin kuma, ina roƙo a daina yaɗa cewa rijiyar gidan wane guba ce. Ba mu da hujja, kuma maganar ta riga ta ɓata tsakanin maƙwabta.

Shingen kududdufin ya tsaya a rabi. Farashin waya da turaku ya tashi tsakanin ranar da aka yi lissafi da ranar da kuɗi suka taru, kuma wanda ya yi alkawarin siminti a gaban jama'a wayarsa ta daina shiga. Rabin da ba a kewaye ba ta nan awaki da yara ke shiga.

Takardar neman a kwashe abin da aka riga aka zuba mun kai ta ofishin da abin ya shafa, an buga mana hatimin karɓa. Ni da Mataimakin Shugaba mun yi ta sintiri da kuɗin motarmu. Har yau tarin na nan, damina guda ta zuba a kansa. Hana sabon juyi bai kwashe tsohon ba, wannan ne ke hana ni barci.

Awon zurfin rijiyoyi shi ya fi ba ni haushi, don ba ya cin ko sisi. Igiya ce da dutse da awon tela, a zura sau ɗaya a wata a rubuta. Malam ya ce da wannan kaɗai za a san inda ruwa ke kaiwa a Satumba, a kuma fara gane inda yake gangarawa, kuma ita ce hujjar da za mu riƙe duk ranar da wani ya zo da takardar neman wurin juji kusa da mu. An raba takardu a kowane layi. Waɗanda suka dawo cike ban ƙirga su da hannu biyu ba. Satumbar bana ta wuce, sai mu jira ta baɗi.

Kuɗin wata kuwa na gaji da maganarsa. Waɗanda suka biya shekara cif ba su kai rabinmu ba. Ni ba ma'aikacin ƙungiya ba ne, ina da shago da iyali kamar kowa, kuma ba daɗi dattijo ya hango ka ya canza layi kamar ka zo karɓar bashin kanka. Wanda ba shi da hali ya faɗa wa Ma'aji a asirce, tsarinmu ya yi masa rangwame, ba kuma za a ji a bakin kowa ba. Wanda nake magana da shi, shi ne mai halin sayen fiya wata jaka-jaka yana ganin rijiya ba matsalarsa ba ce. Da wane ruwa ake wanke masa shinkafa, da wanne yaransa ke alwala a makaranta?

Kwamiti ya kawo shawarar cewa daga sabuwar shekara wanda bashin wata shida ya hau kansa ba tare da uzuri ba, ba zai yi zaɓe ba, ba kuma za a zaɓe shi ba. Za a kaɗa ƙuri'a a kai a taro mai zuwa, Lahadin farkon wata bayan La'asar, a inda aka saba. A nan ne kuma Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla, a tsayar da ranar ɗibar ruwan gwaji na rani in kuɗi sun cika, a sake raba takardun awo. Kowane layi ya zo da sunan mutum ɗaya da zai riƙe igiya. Waɗanda suka ari kujerun ƙungiya tun bikin watan jiya, don Allah a taho da su.

Wassalam.

Sakatare